Ƙasan Takalmin Akawu

Mutum biyu ne suka raba inuwar barandar tsohon kantin da ke bakin mahaɗar titi, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ɗaya mai gyaran takalma ne, wanda kowa ke kira Baba Shumeka, har da waɗanda suka girme shi. Ɗayan Mai Jarida ne, mutumin da ke karanta hajarsa tas kafin ya sayar, ya kuma ɗauka wajibi ne ya sanar da maƙwabcinsa duk abin da ya gani a ciki, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

A 'yan watannin nan gardamarsu ɗaya ce tal, kullum ita ake juyawa.

"Ka ji, tattalin arziki ya sake komawa baya," in ji Mai Jarida ranar wata Laraba da hantsi, yana kaɗa shafin farko. "Karo na uku ke nan a jere."

"Ya yi ta komawa har ya faɗa rijiya," in ji Baba Shumeka, basilla a hannu, zare a baki. "Ni dai ko a jikina, an tsikari kakkausa. Dubi kwandon nan. Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa ganin aiki ya yi min yawa irin na bana ba. Wannan matsin naku a takarda yake zaune, ku da masu rubuta shi."

"Ai shi ya sa kwandon ya cika! Wanda da zai sayi sabo, yanzu tsohon yake kawo maka. Faɗuwar wani tashin wani."

"To ka ga ashe ba a faɗi duka ba." Baba Shumeka ya tofar da guntun zare, ya nuna kantar katako da ke bayansa da haɓa. "Kuma mutanen da kake cewa suna cikin matsi, su ne ke kawo takalmi a gyara su manta da shi. Ga na Masinja can, wata biyu ke nan yana shan ƙura. Mai matsi ne zai bar takalminsa wata biyu? Ya samu ne, ya sayi sabo, ya bar ni da gadi."

Masinja wani siririn mutum ne mai yawan raha, mai kai wasiƙu a kamfanin da mijin 'yar Baba Shumeka yake aiki. Duk wata uku sai ya kawo takalminsa an sake masa ƙasa, ya tsaya yana ba su labarin masu gadin ofisoshi har a gama. Wannan karon ya ajiye ya ce zai dawo jibi, jibin da har yau ba ta zo ba.

Mai Jarida ya buɗe baki zai mayar da amsa, sai ga Auta ta tsallako titi a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da leda. Ita ce 'yar Baba Shumeka ta ƙarshe, shekara biyu da aure, cikinta na fari ya shiga wata takwas. Uban ya ture kwando da ƙafa, ya ba ta bencin da ba ya ba kowa.

"Baba, an tashi lafiya? Kawu Mai Jarida, ina kwana?"

"Ke da likita ya ce ki riƙa hutawa, me ya fito da ke cikin wannan rana?" in ji uban.

"Likitan dai ya ce in riƙa ɗan tattaki. Takalmin surukinka na kawo. Ya so ya kai wa wani can kusa da ofis, wai kada a dame ka, na ce ina! Ubana na raye za a kai takalmin gidana wani wuri? Na faki idonsa na ɗauke. Yau na bikinmu ya sa, wanda ke matse masa yatsu."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Ya zaro takalman daga leda, baƙaƙe masu igiya, sun sha mai suna ƙyalli kamar yadda ya dace da takalmin akawu. Ya juya su ya dubi ƙasa. Nan dariyar ta ɗauke.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Baba Shumeka bai taɓa yarda da wannan ba, don ya ga fuskoki da yawa suna ƙarya. Shi ƙasan takalmi yake tambaya. Direba, dunduniyar dama ce ke cinyewa ta baya, inda take gogar shimfiɗar mota. Malamin makaranta, tafin ne ke lafewa ko'ina daidai saboda tsayuwa gaban allo. Mai zaman ofis kuwa saman takalminsa ne ke tsufa, ƙasan yana nan kamar ba a taka ba. Wata huɗu da suka wuce shi da hannunsa ya sa wa wannan takalmi sabuwar ƙasa, mafi kyau da yake da ita, irin wadda ke yi wa akawu shekara biyu. Yanzu dunduniyoyin biyu sun zaizaye ta gefe. A tsakiyar tafin hagu akwai rami da yatsa zai shige. Ƙananan tsakuwa sun nutse a ciki, ga kwalta, ga jar ƙasa, ga farin siminti, ƙurar unguwanni daban-daban da ba sa maƙwabtaka da juna. Ya sa hannu ciki ya zaro abin da aka toshe ramin da shi. Yankin bangon fayil ne, an ninke shi huɗu.

Da farko sana'arsa ya ji wa kunya, ya zaci aikinsa ne ya gaza. Bayan numfashi biyu ya gane ba aikinsa ba ne. Irin wannan takalmi ya sha gani a ƙafar masu neman aiki, waɗanda ke fita da sassafe da fayil a hammata, su bi ofis-ofis ana ce musu su dawo wani mako.

"Yaya maigidan naki?" ya tambaya, yana goge takalmin da tsumma don kada ta ga fuskarsa.

"Lafiya lau, sai gajiya. Yanzu tun kafin rana ta fito yake fita, in ya dawo kuwa wani lokacin a kan kujera barci ke kwashe shi, abinci na gabansa. Aiki ya yi musu yawa."

"Motar fa?"

"Tana gida a lulluɓe, ta kusa wata uku. Ya ce akwai abin da ya lalace a ciki, ana jiran a kawo. Yaushe zan dawo in karɓa?"

"Asabar," in ji shi.

Da ta tafi, Mai Jarida ya ɗaga wani shafi ya ce ga wani kamfani ma ya rage ma'aikata. Ya gyara zama yana jiran amsar da ya saba ji. Baba Shumeka ya dai ci gaba da ɗinki, ya soke yatsa sau biyu, abin da rabonsa da yi tun yana koyo.

Da yamma ya rufe akwatin kayan aiki da wuri. Gidansa ɗaki biyu ne, da wani ɗan ɗaki a baya inda yake tara fatu, guntayen taya da gwangwanayen gam. Yana shiga ya wuce can kai tsaye ya fara fito da kaya tsakar gida. Matarsa, wadda yake kira Tsohuwa tun tana da shekara ashirin, ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya kallo.

"Malam, lafiya? Ɗakin da na shekara goma ina roƙo ka share, yau wace rana?"

"Ɓeraye ne suka yi yawa."

"Ɓerayen nan ai tare kuka tsufa. Faɗa min gaskiya."

Ya ɗauko takalmin ya miƙa mata. Ta juya shi ta ce rami ne, kuma a iya saninta toshe rami ne sana'arsa. Sai da ya zauna ya karanta mata takalmin dalla-dalla, dunduniya, tsakuwa, bangon fayil, ya haɗa mata da motar da ke lulluɓe da barcin kan kujera. Tsohuwa ta jawo bokiti ta kifa ta zauna a kai.

"Kana nufin an sallame shi?"

"Ina nufin akawu ba ya cinye ƙasan takalmi a wata huɗu, sai in teburinsa tafiya yake."

"Auta ta sani?"

"Da ta sani da ba ta zo min tana dariya ba."

Dukansu sun san abin da likita ya faɗa game da jinin Auta da ke hawa, da gargaɗin kada a tayar mata da hankali. Sun san gidan da yaran ke ciki na haya ne. Tsohuwa ta leƙa ɗan ɗakin ta auna shi da ido, gado ɗaya zai shiga, da ƙyar da gadon jariri. Ita ma ta gane sharar me ake yi.

"Ka tambaye shi mana," ta ce.

"In ce masa me? Na leƙa ƙasan takalminka na ga asirinka? Mutumin da ya ɓoye wa matarsa, ni surukinsa zai buɗe wa ciki? Kunya kaɗai sai ta kashe shi."

"To gani ya kori ji. Kafin ka kwashe min gida kaf, je ka gani da idonka."

Washegari Baba Shumeka ya bar wa Mai Jarida gadin kwando, ya ce zai je sayen zare. Ƙarfe bakwai ta yi masa a gindin wata bishiya daura da ginin kamfanin, ya ja hula har gira kamar ɓarawon da bai iya sata ba. Ba a jima ba sai ga Akawu, mijin Auta, dogo, farar riga a goge, yana ɗan ɗingishi cikin takalmin biki. Mai gadi ya gaishe shi, ya shige. Baba Shumeka ya yi ajiyar zuciya. Ya tsaya awa guda, ya ƙara wata, bai ga ya fito ba. Har ya fara tsara yadda zai gaya wa Tsohuwa cewa tsufa ya fara taɓa masa ido.

Wajen ƙarfe tara da rabi ƙofa ta buɗe. Akawu ya fito da fayil a hammata, ya dubi sama ya dubi agogo, ya miƙe titi a ƙasa.

Tsohon ya bi shi da ido. Wato haka ake yi, a shigo da safe a zauna wurin tsofaffin abokan aiki don idon mutane, sannan a fita nema. Tausayi ya kama shi har ya ji haushi. Ya bi bayansa.

Wanda ya shekara arba'in a zaune kan benci, bin saurayi mai dogayen ƙafafu ba ƙaramin aiki ba ne. Gwiwoyinsa suka fara ƙorafi tun a kwanar farko. Akawu ya shiga wani gini mai gilashi, minti biyar ya fito. Ya ratsa ta bayan tashar bas, inda jar ƙasa take, ya shiga wani ofis a saman bene, ya fito. Ya bi ta inda ake sabon gini, siminti na tashi, ya shiga na uku. Baba Shumeka na biye yana haki, yana gane kowace ƙura da ya gani jiya a ƙasan takalmin, ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa baƙin cikin ƙwarewarsa ba sai ranar. Duk ƙofar da yaron ya fito, sai tsohon ya ce a ransa, nan ma sun ce ya dawo wani mako.

A bakin gini na huɗu abin kunya ya faru. Igiyar silifas ɗin Baba Shumeka ta tsinke. Wata shida ke nan Tsohuwa na ce masa ya ɗinke ta, yana cewa gobe. Ya yi taga-taga ya dafe sandar fitilar titi, ya zauna a bakin kwalbati da silifas a hannu, zufa na zuba. Yana cikin duba ɓarnar sai inuwa ta rufe shi.

"Baba, sannu. Ba a ji ciwo ba?"

Akawu ne, ya rusuna a gabansa, fayil a ƙirji.

"A'a, Malam Akawu! Kai ne? Ikon Allah. Zare na fito saye."

"To, Baba." Akawu ya sunkuyar da kai. "Sai dai masu zaren suna can baya. Tun daga tashar bas na hango hular. Na rage sauri don kada a wahala, na rasa yadda zan yi in juyo."

Baba Shumeka ya ga ƙarya ta ƙare. Ya buga bakin kwalbatin da tafin hannu, Akawu ya zauna a gefe, ya bar tazara tsakaninsu.

"Jiya an kawo min takalminka," in ji tsohon.

"Na sani, Baba. Shi ya sa na so a kai wani wuri. Na san in ya zo hannunka sai ya yi magana."

"Ya kuwa yi. Yanzu kai nake so in ji. Ba don in kunyata ka ba, yaro. Ɗakin baya na riga na fara sharewa, kuma abin da ke kwandona namu ne duka. Tun yaushe suka sallame ka?"

Akawu ya ɗago kai da sauri. "Sallama? Wa aka sallama?"

"Kai mana. Ba aiki kake nema ba?"

Yaron ya dube shi, ya dubi fayil, sai ya buɗe shi a kan gwiwa. Babu takardar makaranta ko ɗaya a ciki. Ambulan ne jere, an ɗaure su da roba, kowanne da hatimin kamfani, da wani ɗan littafi inda duk wanda ya karɓi wasiƙa yake sa hannu. Ga sa hannu huɗu na safiyar nan, tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba.

"Baba, aikina na nan. Mu goma sha tara ne a ofis, wata biyu da suka wuce aka sallami bakwai. Aka sayar da motar kamfani. Manaja ya tara mu da muka rage, ya ce aikin waɗanda suka tafi sai a raba. Mai buga takardu ita ke amsa waya yanzu, mai kula da sito shi ke share shi. Ni wasiƙu suka faɗo wa. Da sassafe in yi aikin teburina, da hantsi in fita rabo, da la'asar in koma in ƙarasa."

"Albashi fa?"

"Yana zuwa, Baba. Ya rame, amma yana zuwa."

"Motar?"

"Ba abin da ya same ta. Mai ne ya fi ƙarfina. Na ga abin da za ta sha gara a ajiye don haihuwa."

Baba Shumeka ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Daɗi ya rufe shi. Sai dariya ta kuɓuce masa. Ya yi ta yi yana buga silifas a gwiwa har hawaye suka zubo, masu wucewa na waiwaye. Aiki na nan. Auta za ta haihu a ɗakinta, ɓerayensa kuma za su ci gaba da zamansu lafiya.

"Alhamdu lillahi," ya ce da ya samu numfashi. "Kai, yaron nan, ka sa na tsufa shekara biyar a kwana ɗaya. To me ya hana ka gaya mata?"

Akawu ya sosa ƙeya. "Likita ya ce kada a tayar mata da hankali. Kuma, Baba, in ƙawayenta suka zo, tana ba su labarin kujerata mai juyawa. Yaya zan ce mata yanzu rabin yini a titi nake, ina gaishe da masu gadi?"

"Saurara. Matar da ke wanke safarka ta riga ta san rabin labarin. Ragowar rabin da za ta ƙirƙira da kanta ya fi gaskiyar muni, ni shaida ne, jiya na gwada. Ka gaya mata yau. Gaishe da masu gadi ba abin kunya ba ne, ni shekara arba'in ƙafafun mutane nake kallo, ba wanda ya rage ni da komai."

"To, Baba."

Tsohon ya yunƙura zai tashi, ya tuna ba shi da takalmi. Akawu ya cire robar da ta ɗaure ambulan, ya durƙusa ya naɗe ta a silifas da ƙafar surukinsa sau biyu. Ta riƙe.

"Wasiƙun nan," in ji Baba Shumeka yana gwada takawa, "da ai Masinja ke kai su."

"Shi aka fara sallama, Baba. Shekara goma sha shida yana wurin. Da zai tafi ya zauna ya zana min hanya a takarda, wane ofis kafin wane, ina ake yanke, wane mai gadi ne sai an tambayi lafiyar 'ya'yansa. Da ita nake aiki har yau. Na ji an ce yana gida."

Akawu ya tsayar wa Baba Shumeka bas, ya taimaka masa ya hau, sannan ya juya ya ci gaba da ɗingishinsa zuwa gini na biyar.

Mai Jarida ya ga robar tun daga nesa. Ya tashi tsaye ya ce wannan ya kamata ya shiga shafin farko, shumeka da takalmin roba, kuma ina zaren? Baba Shumeka ya bar shi ya more, don ranar ko zaginsa aka yi godiya zai yi. Da ya koma gida ya ba Tsohuwa labari, ta yi hamdala ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce tunda dai an riga an fito da kayan, ba za su koma ba sai an wanke ɗakin. Haka ya yi asarar gardama biyu a yini ɗaya, bai kuma damu ba.

Ranar Juma'a ya ajiye duk aikin kwando ya zauna wa takalmin Akawu. Ya ɓare tsohuwar ƙasar gaba ɗaya. Ya zaɓi guntun tayar mota mai kauri, ya yanka daidai ƙafar, ya fere gefen da wuƙa har ya yi siriri yadda mai kallo daga sama ba zai gane ba. Ya shafa gam, ya jira ya sha iska, ya haɗa ya buga a kan ƙafar ƙarfe, sannan ya bi da ɗinki biyu da zare mai kaki. A ciki ya shimfiɗa fata mai laushi inda bangon fayil yake a da. Ya shafe gefen da baƙin mai, ya goge har yana ganin hularsa a ciki.

Asabar da hantsi Auta ta zo. Tun daga tafiyarta ya san an yi maganar.

"Baba, ashe har bin mutane kake a titi?" ta ce tana zama a benci.

"Zare na je saye."

"Ya gaya min komai." Ta yi dariya, idonta ya ciko. "Wallahi na ji sanyi. Yadda yake ramewa yana barci a zaune, na zaci wani ciwo yake ɓoye min. Sati uku ina kallonsa ina tsoron tambaya. Ashe tafiya ce kawai! Na ce masa in don kujera ce, ta yi ta juyawa ita kaɗai. Yanzu kullum ruwan ɗumi da gishiri na jiran ƙafarsa."

Ya miƙa mata ledar. Ta karɓa, hannunta ya ɗan yi ƙasa. Ta zaro ɗaya ta juya.

"Baba! Tayar mota ka sa masa?"

"Tunda motar ta ƙi ɗaukarsa, ai gara 'yar'uwarta ta ɗauke shi. Sama na akawu, ƙasa na masinja. Ki ce masa shekara guda bana son ganin takalmin nan."

Ta rungume ledar ta yi godiya, ta tsallaka titi a hankali. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, zuciyarsa fes.

Mai Jarida, wanda kunnensa bai bar ko kalma ɗaya ta wuce ba, ya ninke jarida ya gyara murya.

"To, Baba Shumeka, yanzu me ka ce? Ana ji a jiki ko a takarda yake zaune?"

Tsohon ya juya ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da takalmin Masinja. Ya hure ƙurar, ya goge da tsumma, ya juya shi. Ƙasar da ya sa masa wata biyu da suka wuce tana nan sabuwa fil, ko ƙwayar tsakuwa ɗaya babu. Ya daɗe yana kallonta. Shi da ke alfahari da karanta takalmi, wannan ya kwana sittin a bayan ƙeyarsa yana magana bai ji ba.

"Wancan ya cinye a wata huɗu," ya ce a hankali. "Wannan wata biyu bai taɓa ƙasa ba. Ashe ba mantawa ya yi ba. Wanda ba shi da inda za shi, me zai yi da takalmin fita?"

Mai Jarida, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, ya ci gardama bai yi murna ba.

Baba Shumeka ya shafa wa takalmin mai ya goge. Ya dubi kwandonsa da ya cika har yana zuba, rabin aikin na mutanen ofisoshi ne da ba su da lokacin kawowa balle karɓa. Mutumin da ya san kowace ƙofa a garin nan da sunan 'ya'yan kowane mai gadi bai kamata a ce yana zaune a gida ba. Ga mai karɓo masa takalma yana mayarwa ya samu. Ya sa takalmin a leda, ya zura silifas ɗinsa da ya ɗinke jiya.

"Duba min kwandon," ya ce.

"Wani zaren za ka saya?"

"A'a. Takalmi zan kai wa mai shi, ya tashi ya taka."